Ragon Marafa a Ƙofar Magaji

Tun da na ɗora hoton nan nawa a tsakiyar fanel-fanel na sola da hular kwano a kai, wayata ba ta huta ba. Kowa sai a samo masa irin aikin Yaya Sufyanu. Ƙanen wani abokina ma cewa ya yi ai ya riga ya gane aikin, a shiga mota mai sanyi ne, a je a gaida masu sarauta, a ci kaza, a dawo. To bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in tura masa. A mota nake, da waya nake bugawa, in kun ga harafi ya karkace ku zargi titi.

Da farko dai hoton nan ziyara muka je wata jiha, hular ma ta aro ce. Ni aikina yana ƙarewa tun kafin a kafa fanel ko ɗaya. In kamfani yana son shimfiɗa gonar sola, irin babbar nan da take cinye fili kamar gari guda ta zuba wuta a babban layi, injiniyoyi ne ke duba rana da ƙasa. Rana kuwa a Zamfara ba ta buƙatar bincike, ka fito da azahar ka gani. Ni nawa shi ne in gano wa zai iya hana aikin, da me zai hana shi, kuma yaushe zai tashi hanawa. Hukuma, 'yan siyasa, masu gari, magada, makiyaya. Sai in rubuta rahoto in shafa wa kowace matsala launi, kore ba komai, rawaya a yi hattara, ja kowa ya riƙe aljihunsa. Masu zuba jarin suna can ƙasashen da ba su taɓa jin sunan Zurmi ba, launin kawai suke dubawa.

Aikin da zan ba ku labari shi ne na farko da na samu bayan muguwar shekarar nan da aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin ƙauye saboda matsalar tsaro. Ni kuwa da waya da kasuwa sana'ata take tafiya. Don in tura saƙo ɗaya sai na shiga mota na fita jihar. Rahoton da na rubuta a shekarar ja ne daga sama har ƙasa, kamar an yanka kaza a kai. Kamfanin ya karanta, ya gode mini ƙwarai, ya tattara ya tafi, wato da hannuna na rubuta wa kaina takardar sallama. Wasu dattawan da na zauna da su a zaure ma barin garuruwansu suka yi, wannan kam ba abin dariya ba ne. Na koma Kaduna ina koya wa 'ya'yan masu kuɗi lissafi a gida, ana biyana in an tuna.

Da abubuwa suka ɗan lafa a wani yanki, wani kamfani ya neme ni. Sun ga fili tsakanin Kaura da Zurmi, shimfiɗaɗɗe, ba dutse ba kwari, kusa da babban layi. Matsalar ita ce wani busasshen rafi ya raba shi biyu. Gabas ƙasar wani mai gari ce da ake kira Marafa, yamma ta wani ce da ake kira Magaji. Ba zan faɗi sunan garuruwan ba, har gobe ina shiga can. Abin da ake buƙata shi ne su biyun su sa hannu sun yarda kafin masu jari su zauna a ƙarshen wata. In hannu ɗaya ya rasa, aikin ya koma wata jiha, ni kuma in koma lissafi.

Marafa da Magaji kuwa sun daɗe ba sa ga maciji. Wata 'yar kasuwar mako ce da take ci a garin Marafa tun kakanni, aka yi sabuwar hanya ta bi ta garin Magaji, kasuwar ta bi hanya. Tun daga nan ko jana'iza ta haɗa su, wannan yana sahun dama wancan yana can ƙarshen hagu. Na shafa wa wannan ja. Shugaban tafiyarmu, Injiniya Kabir, ya ce ban iya kallon dama ba. Bahaushe ne, amma a Legas ya tashi, ya yi karatu a waje, Hausarsa tana nan lafiya lau sai dai ba ta taɓa kwana a ƙauye ba. A ganinsa gabar alheri ce, kowa zai yi rige-rigen sa hannu don kada ɗayan ya riga shi.

Ranar da za mu je gaida Marafa na duba ƙafar Injiniya na ga takalmin but mai igiya har ƙauri. Wanda ya koya mini aikin, Baba Mande, tsohon ma'aikacin ofishin filaye a Kaura, shi ma ƙafata ya fara dubawa a ranar farko, ya ce in koma gida in sake takalmi kafin mu yi magana. Kayan aikin da ya lissafa mini ba su da yawa. Takalmin da ake zarewa a tsaye, hula, waya biyu masu layi daban-daban, abin caji, da cikin da zai ɗauki fura ko sau nawa aka miƙo. Taswira tana jaka, ba ta fitowa sai an gama tambayar gida da ruwa da dabbobi. Kuma kada in taɓa tambayar filin waye, don duk wanda ke kusa zai ce nasa ne. In tambayi wa ya nome shi bara, wa ya ara masa, wa yake riƙe da shi jingina, wane magaji ne yake kudu yana sayar da albasa bai san ana maganar gonar ubansa ba. Sauran labarin teburin mai shayi da 'yan acaɓan Kasuwar Daji za su ba ni kyauta. Na faɗa wa Injiniya maganar takalmi, ya ce akwai macizai. Muka isa zauren Marafa, dattawa suna zaune, shi yana duƙe a bakin ƙofa yana kokawa da igiya, ni har na gama gaisuwa na fara ta biyu don in rufe masa.

Marafa dogo ne siriri, ba ya son yawan magana. A gefen ƙofar zauren akwai wani rago kwance, balami, fari tas, da baƙin tabo a ido ɗaya. Kowa a yankin ya san ragon nan. Da hannunsa Marafa yake ba shi abinci, in zai je masallaci ragon na binsa har bakin ƙofa ya jira. Marafa ya saurari bayaninmu har ƙarshe, sai ya yi tambayar da kowane mai gari yake yi, wato ko garinsa zai samu wuta. Wannan tambayar ita ce mafi wuya a sana'ar, don gaskiyar ita ce wutar babban layi za ta hau ta wuce ta saman kansu zuwa birni. Na faɗa masa haka, ya gyaɗa kai kamar dama ya sani. Sai ya tambayi ta ina ƙofar shiga za ta kasance.

Ku da kuke ganin aikin da sauƙi, ku riƙe wannan. Ƙofa ita ce komai. Inda ƙofa take nan masu abinci za su zauna, nan 'yan acaɓa za su yi tasha, nan za a ɗauki masu gadi, kuma allon da za a kafa sunan garin da ke bakin ƙofar zai ɗauka. Mutumin da hanya ta ƙwace masa kasuwa ya fi kowa sanin haka. Kafin in buɗe baki Injiniya ya nuna gabas ya ce in Allah ya so ta nan za ta kasance.

Da muka tashi tafiya Marafa ya sa aka kwanto ragon. Na ga 'yan zauren sun kalli juna. Marafa ya ce a sa mana a mota, ba yawa, a yi wa baƙi miya.

Kafin mu hau kwalta labari ya isa yamma. Washegari da muka je wurin Magaji, gajere mai jiki, mai dariya kafin ya gama magana, har ya san launin igiyar da aka ɗaure ragon da ita. Shi bai ma tsaya maganar wuta ba, kai tsaye ya tambayi ƙofa. Injiniya ya nuna yamma ya ce in Allah ya so. Na taka masa ƙafa, to amma but ne, bai ji ba. Magaji ya sa aka jawo mana ragon uda, rabinsa baƙi rabinsa fari, ya fi na Marafa tsayi, ya ce shi ba ya ba baƙo abin da za a cinye a zama ɗaya. A mota na ce wa Injiniya ya yi alkawarin ƙofa ɗaya ga mutum biyu. Ya ce ba a zana ƙofar ba tukuna, saboda haka bai yi wa kowa ƙarya ba. Na shafa wa maganar ja. Ya roƙe ni in mai da ita rawaya, na ce launin ya ƙare.

Muka kai raguna masaukinmu a Kaura. Suna sauka suka ja da baya suka gwabza, kamar an karanta musu tarihin kasuwa. Direbanmu, ɗan Kaduna ne irina, ya ɗaure ɗaya a gindin mangwaro ɗaya a jikin tankin ruwa, yana ta mitar warin mota. Na uda ya tsinke, ya ga hotonsa a jikin ƙofar motar, ya lotsa ta.

Sai Madam Rose ta kira. Ita ce lauyar kamfanin a Legas, aikinta ta tabbatar ba mu ba da cin hanci ba, ba mu kuma karɓa ba. Dokar masu jari ta ce ba a karɓar kyautar da ta wuce kalanda da biro daga mutumin da ake neman sa hannunsa. Ta tambayi ko ragunan suna da rasit. Ta ce a mayar. Na yi mata bayani cewa a wurinmu mayar wa mai gari kyautarsa daidai yake da ka tsaya a tsakiyar kasuwa ka ce ba ka yi da shi. Na ce a yanka a raba wa mabuƙata, ta ce wanda ya yanka ya karɓa ke nan. Na ce a kai masallaci, ta ce sai kwamiti ya zauna, kwamitin kuma sai wata mai zuwa. Ni ban ga laifinta ba, in masu jari suka ji an karɓi dabba, ita za su fara tambaya. Ta ce kafin ƙarshen mako kada ragon kowa ya rage a hannun kamfani, mu san yadda za mu yi.

Washegari na tafi Gusau bin takardu, wato rabin sana'ar da ba a ɗaukar hoto. Fili a doka yana hannun gwamna, amma na karkara sai ƙaramar hukuma ta sa baki, namu kuwa ya ratsa biyu. Ciyaman biyu, ɓangare biyu na jam'iyya ɗaya, wanda ya fi jam'iyya biyu wahala. Na taɓa kai wa wani ciyaman wasiƙa, kafin a amsa an sauke shi an naɗa kantoma, na sake bugawa da sabon suna, kafin in kai shi ma ya tafi. Lasisin wuta da can Abuja kaɗai ake nema, yanzu doka ta ba jihohi dama su ma, sai ka je wannan ofis a ce ka fara da wancan, ka je wancan a tambaye ka wa ya aiko ka. Ga takardar muhalli, ga masu babban layi da za su ce ko layin zai ɗauki wutar. Ka gama duk wannan zaɓe ya zo, sabon mai mulki ya kafa kwamitin duba filayen da na baya ya bayar. Duk sai ka hango su tun daga nesa ka rubuta. Ranar na wuni a benci ina jiran wani darakta, waya a kashe don masinjansa ba ya son ƙara. Da na fito na kunna, na ga saƙon Injiniya: ya warware matsalar rago, in huta.

Na kira shi, murya cike da jin daɗi. Ya ce dokar ta hana mu riƙe kyauta amma ba ta hana kamfani yi wa al'umma ɗan alheri ba. Saboda haka ya sa direba ya kai wa Magaji ragon Marafa a matsayin gaisuwa daga kamfani, ya kai wa Marafa na Magaji. Kowa ya ba da ɗaya ya samu ɗaya, babu wanda aka mayar wa nasa, kamfani bai riƙe ko ƙaho ba. Madam ma ta yaba. Na tsaya a bakin titi na tambaye shi ko ya san za su gane.

"Sufyanu, rago ai rago ne," in ji shi.

Tun ba a buɗe bayan motar ba Magaji ya gane kukan. Direba ya ce bai taɓa ganin mutum ya karɓi kyauta da murna irin haka ba. Magaji ya sa aka ɗaure ragon a ƙofar gidansa, gindin dogon yaro, daidai inda ke fuskantar kasuwa, kasuwar nan dai da ake rigima a kai, kuma washegari take ci. Duk mutumin garin Marafa da ya zo da gero ko kaji, Magaji zai kira shi da suna ya ce ya zo ya gaida baƙonsa, ɗan babban gida ne, kamfani ya ga ya fi dacewa da nan. A can gabas kuwa Marafa ya fito ya kalli ragon uda, ya kalli direba, ya ce a ɗaure a bayan gida, ya shige. Daga ranar duk wanda ya zo daga kamfani sai a ce Marafa ba ya jin daɗin jikinsa.

Na fara zarya. Kullum da hantsi ina ƙofar Marafa, kafin la'asar in tashi, don hanyar nan ba a yi mata yamma. Ana shimfiɗa mini tabarma, ana amsa gaisuwata, amma fura ta daina fitowa. A sana'armu in fura ta daina fitowa ba sai ka jira wasiƙa ba. Na je wurin Magaji ko shi zai sa hannu in samu rabi, ya ce ai shi ma an yi kyauta da kyautarsa, zuciyarsa ba ta huce ba, yana faɗa yana share hawayen dariya. Ƙarshen wata yana matsowa. Injiniya ya kawo shawarar a je kasuwar Shinkafi a sayo wani farin balami a ba Marafa, har yana tambaya ko ana samun mai tabo a ido. Na ce masa ya bar ni da raguna biyu, sun ishe ni.

Abin da ban sa a rahoto ba shi ne ragon da kansa. Tun da aka ɗaure shi a ƙofar Magaji ya ƙi cin abinci. An ba shi harawa, an ba shi dusa, an jiƙa masa gero, ya shinshina ya kau da kai. Aka kira malamin dabbobi ya duba ya ce lafiyarsa lau, ra'ayi ne kawai. Ragon ya kwanta ya zuba wa hanyar gabas ido, haƙarƙari ya fara fitowa. Dariyar Magaji ta ragu. In ragon Marafa ya mutu a ƙofarsa, har jikoki za a riƙa cewa shi ya kashe shi, wasu ma su ce da asiri. Ya yanka, ya fi muni. Ya mayar da kansa, ya sunkuya wa Marafa ke nan. Ya ɗauro wa kansa abin da ba ya iya kwancewa, 'yan acaɓa kuma suna kai rahoton lafiyar rago gabas safe da rana.

Wata safiya ina zaune a tabarmata ina lissafin gidajen da zan koma neman aikin koyar da lissafi, sai ga Marafa ya fito da kansa, da babbar riga da wata 'yar jaka a hannu. Na zabura na durƙusa. Bai tsaya gaisuwa ba, ya ce:

"An ce bai cin abinci."

"Haka na ji, ranka shi daɗe."

"Tada motarka."

Muka tsallake rafin. Mutanen garin Magaji suka ga wanda ke gaban mota, mai faskare ya bar gatari, mai shayi ya bar ruwa yana zuba. Magaji ya fito da hula a karkace, ya tsaya, da alama ya shirya maganganu da yawa tsawon shekaru amma ba na wannan ranar ba. Daga ƙarshe ya nuna gindin bishiyar.

"Marafa, ga ɗan renonka nan. Ya hi ka taurin kai."

Marafa bai kula shi ba. Ya tattare riga ya tsuguna, ya buɗe jakar, dusa ce da ɗan gishiri da kanwa. Ya zuba a tafin hannu. Ragon ya miƙe da ƙyar, ya tura baki ya fara ci, yana ci yana goga kai a gwiwar mutumin. Magaji ya sauke wani numfashi da na ji daga inda nake. Ya ce a kawo tabarma, a kawo fura, mutum ba ya zuwa ƙofarsa ya tsuguna a ƙasa ko da wane ne.

Aka shiga zaure, ni a can bakin ƙofa. Gaisuwa ta yi tsawo don akwai ta shekaru da ba a yi ba, an yi wa juna ta'aziyyar mutanen da har an manta da kabarinsu. Na fara jin sanyi a raina, na ce yau zan samu hannu biyu a zama ɗaya. Sai Magaji, da hankalinsa ya dawo, ya ga ba zai bari baƙonsa ya tafi ba tsokana ba. Ya ce in an buɗe ƙofar sola a gefensa, matan garin Marafa su zo su sayar da kunu, shi ba mai hana maƙwabci cin abinci ba ne. Marafa ya ajiye ludayi.

"Wace ƙohwa?"

"Ta kamfani mana. Injiniya da bakinai yac ce yamma."

"Ni gabas yan nuna min."

Su biyun suka juyo suka kalle ni. Na yi makaranta, na zauna da masu jari, na amsa tambayoyin lauyoyi, amma ban taɓa jin kallo mai nauyin wannan ba. Na faɗi abin da na sani, cewa ƙofar ba a zana ta ba tukuna, kuma ɗaya ce. Magaji ya ce in je waje in taya rago hira.

Na daɗe a gindin dogon yaron. Da farko murya ƙasa-ƙasa nake ji, daga baya na ji dariyar Magaji, sannan wata dariya siririya da ban sani ba, ashe ta Marafa ce. Da aka kira ni, a tabarma ɗaya na same su. Suka ce in gaya wa Injiniya daga yau ba zama biyu, zama ɗaya ne, a bakin rafi, kuma ya zo da takalmin da ba zai ɓata wa dattawa lokaci ba. Marafa ya sa ragonsa a motata, ya ce direba ya dawo wa Magaji da nasa. Madam da ta ji kowane rago ya koma gidansu ta turo mini saƙon yabo, har da cewa ai dama ta ce a mayar.

A bakin rafin Injiniya ya gane abin da gabar nan take rage masa. Da can kowa yana tsoron ya tsaurara ɗayan ya sassauta, yanzu ba wannan tsoron. Ƙofa a kan iyaka za ta zauna, daidai rafin, kamfani ya yi gada. Allo biyu, mai kallon gabas ya fara da sunan garin Marafa, mai kallon yamma ya fara da na Magaji. Burtalin da shanu ke bi a bar shi a buɗe, kada a wayi gari makiyaya sun tarar da waya a hanyarsu. Masu gadi rabi da rabi. Magadan da ke kudu a kira su a ji ta bakinsu kafin a taɓa gonar kowa. Kuma tunda babbar wutar ta sama za ta wuce, a sa wa asibitin sha-ka-tafi da rijiyar burtsatse na kowane gari ƙaramar sola tasu, kafin a kafa ƙarfe ɗaya a filin. Marafa na faɗa a taƙaice, Magaji na ƙara gishiri. Duk wanda Injiniya ya juya wurinsa neman sauƙi sai ya ce a tambayi ɗan'uwansa.

Injiniya ya hau wani tudu inda sabis ɗin waya ke kamawa, ya kira masu jari, ya daɗe yana magana yana wurga hannu. Masu jari suka yi ƙorafin gada, suka yi ƙorafin rijiya, amma takarda ɗaya mai hannu biyu ta fi musu kwanciyar hankali, kuma ƙarshen wata ya riga ya iso. Suka yarda. Har yau da nake wannan rubutu ba a kafa fanel ko ɗaya a filin ba, ana can ana bin lasisi, amma rijiyoyin suna ba da ruwa, ni kuma kwantiragina ya ci gaba.

Ranar sa hannu aka kafa rumfa a cikin rafin, garuruwan biyu suka fito. Injiniya ya zo da silifas sabo, har da lambar kuɗin a jiki. Marafa ya sa hannu, Magaji ya sa, liman ya yi addu'a, na karɓi takardar na sa a jaka na zuge, na rungume jakar. Muna shirin tashi sai taron ya dare biyu. Wasu ƙarti suka taho riƙe da bijimi, fari, mai tozo kamar tulu, yana huci yana tona ƙasa. Injiniya ya kalle ni, na kalli sama. Magaji ya miƙe ya gyara riga, ya karɓi igiyar, ya ɗora hannun Marafa a kai, suka miƙo tare, Magaji ya ce:

"Injiniya, wanga mu biyu munka haɗa. Ka duba da kyau, ba ya da inda za a kai shi."

Injiniya ya kalli bijimin. Sannan ya matsa gaba ya ɗan rusuna ya karɓa da hannu biyu, bijimin ya fizge shi har silifas ɗaya ya fita. Daidai nan wayarsa da ke aljihun gaba ta fara ƙara, na leƙa na ga sunan Madam, tana son jin ko an sa hannu lafiya. Na ce in ɗauka masa? Ya ƙara naɗe igiyar a hannu, ya ce in bar ta ta yi ta kuka.